Ra'ayinmu: Mu Saya Wa 'Ya'yanmu Littafi, Ba Waya Kaɗai Ba

Duk wanda ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Birnin Ƙonni da Illela, ya san cewa kasuwancin yau ya koma cikin na'ura. Ta waya ake tura kuɗi, ta WhatsApp ake jin farashin buhun wake, takardun duwan ma sai sun bi ta tsarin SYDONIA, wanda hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta samar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, wani ne ya zauna ya rubuta shi, kuma galibinsu a wasu ƙasashe aka rubuta su. Mu dai namu shi ne amfani da biyan kuɗi.

'Yan kasuwa da dama sun biya wa 'ya'yansu kuɗin koyon kwamfuta na wata uku ko shida, yaro ya fito ya iya buga takarda da lissafin kaya. Wannan abu ne mai amfani, amma tsakaninsa da ilmin kimiyyar kwamfuta akwai tazara irin wadda ke tsakanin direba da wanda ya ƙera injin mota. Ɗaya daga cikin darussan da ke raba su shi ne sanin yadda ake gina tafintan na'ura, abin da masu Turanci ke kira kwamfaila.

Bayaninsa ba zai yi wa ɗan kasuwar kan iyaka wuya ba, domin ya san aikin tafinta. Kwamfuta ba ta jin kowane harshe sai na sifili da ɗaya. Mai rubuta manhaja kuwa yana rubutu ne da wani harshe da ɗan Adam ke iya karantawa, irin su C. Tafintan na'ura shi ke karɓar wannan rubutu, ya yayyanka shi kalma-kalma, ya duba ko jimlolin sun bi ƙa'ida, ya tabbatar ma'anarsu ta dace, sannan ya mai da su umarnin da na'ura za ta aiwatar. Tun a 1952 Grace Hopper ta Amurka ta fara wannan aiki, a 1957 kuma John Backus da abokan aikinsa a kamfanin IBM suka fito da tafintan harshen FORTRAN.

Abin da ya sa muka kawo wannan magana shi ne, littattafan wannan ilmi sun zo kusa fiye da yadda iyaye ke zato. Wanda ya fi suna shi ne na Alfred Aho da Ravi Sethi da Jeffrey Ullman na 1986, wanda ɗalibai ke wa laƙabi da littafin dodo saboda hoton da ke bangonsa. An sake buga shi a 2006 tare da Monica Lam, akwai kuma fassararsa da Faransanci. Aho da Ullman ne suka sami lambar yabo ta Turing ta 2020, wadda ita ce mafi girma a fannin. Sai dai littafi ne mai kusan shafi 1000, mai tsada, wanda bai dace da ɗan koyo ba. Kofi ɗaya ko biyu a ɗakin karatu sun isa ɗalibai da yawa.

Ga mai farawa, akwai na kyauta. Robert Nystrom ya ajiye littafinsa Crafting Interpreters a intanet, kowa ya karanta ba tare da biyan ko dala ba, inda ɗalibi zai gina ƙaramin harshe sau biyu, da farko da Java, daga baya da C. Akwai darasin Nand2Tetris na Noam Nisan da Shimon Schocken, wanda littafinsa ya fito a 2005, mai ayyuka 12 da ke ɗaukar ɗalibi daga ƙaramin sashen lantarki har ya haɗa kwamfuta da tafintanta, duk a cikin na'urarsa. Jami'ar MIT ta fara sakin darussanta kyauta tun 2002, Jami'ar Harvard ma ta buɗe darasinta na share fage, CS50, ga kowa. Tafintan GCC kuwa, wanda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, kyauta ne, kuma ana iya buɗe cikinsa a ga yadda aka gina shi.

To ina gizo ke saƙa? Ɗalibin Maraɗi ko Damagaram ko Tawa yana fama da rashin kwamfutar kansa, da ɗaukewar wuta, da tsadar intanet. Sannan yawancin waɗannan littattafai da Turanci suke, alhali shi da Faransanci ya yi karatu. A nan 'ya'yan kan iyaka sun fi wasu sa'a, domin Turanci ba baƙo ba ne a kunnensu, sai dai a ƙarfafa musu gwiwa su koye shi sosai.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da su tanadi ɗaki ɗaya a kowane babban gari na kan iyaka, a sa masa wutar sola da 'yan kwamfutoci, ko da na hannu ne, domin waɗannan darussa ba sa buƙatar na'ura mai tsada. A sauke abin da masu shi suka yarda a sauke sau ɗaya, a ajiye, yara su riƙa karatu ko babu intanet. Masu zuwa Kano da Legas sayen kaya su riƙa karɓar sunayen littattafai daga malamai suna haɗowa da su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma abin da ake tarawa a biki guda ya isa a fara.

Muna kuma kira ga malaman Jami'ar Abdu Mumuni da ke Yamai da ta Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi da sauran takwarorinsu, su tsara wa matasa abin da za su fara da shi da abin da zai biyo baya, don kada yawan littattafan ya ruɗa su. Su kuma ɗalibai su sani cewa tara littafi a waya ba karatu ba ne. Wannan ilmi sai an zauna an rubuta, an yi kuskure an gyara.

Wani zai ce ina ribar ɗan kasuwa a ciki? Gaskiya ne ba kowane yaro ne zai ci abinci da gina tafinta ba. Amma wanda ya taɓa gina shi ba zai rasa yadda zai rubuta manhajar lissafin shago ko ta bin bashi da Hausa ba. Mu kuma tuna da rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda aka sake yi daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024, lokacin da motoci suka yi cirko-cirko, kaya suka lalace, jari ya karye. Gidan da ke da ɗa mai sana'ar da ba ta jiran a buɗe shinge yana da abin dogaro a irin wannan rana.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Allah ya sa shugabannin kasuwanninmu su ji, su kuma aikata.