Wanda ya yi tuƙi cikin maye, a kore shi daga aiki?

Ƴan uwa, in direban motar fasinja ne, babu ja. Wanda zai kwashi mutane tun asuba daga Yamai zuwa Damagaram, kusan kilomita 900, da giya ko tramol a kansa, a sallame shi ran nan. Tuƙin ne aikinsa, kuma rayuka aka ba shi amana.

To malamin makaranta da jandarma suka tare a buge bisa babur ɗinsa fa? A karɓe permi, a ci shi tara, a kai shi gaban alƙali. Korarsa daga aji ba ta gyara hanya, ƴaƴansa ne za su kwana da yunwa. Kuma kowa ya sani, ɗan manya ba korar shi za a yi ba, waya guda ta kashe magana.