Izinin Rana Ɗaya Ba Izinin Har Abada Ba Ne

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu masu neman abinci a Agege, da Sabon Ibadan, da Fatakwal, kan zuba kuɗin cefane a banki, su bar wa iyali katin cirar kuɗi a Minna. Uwargida ta aiki yaro wurin mai POS a Bosso ko Kasuwar Kure, sai ya dawo hannu rabbana. Ba ɓarawo ne ya shiga ba. Wani kamfani ne ya yanki nasa da tsakar dare.

Ga yadda abin yake. Ranar da mutum ya fara biyan kuɗin kallon talabijin ta waya, ko ya ci bashin manhaja, akan nemi lambar katinsa, banki ya aiko masa lambar sirri, ya shigar. To, daga ranar nan ya miƙa mabuɗin rumbunsa. Duk yankan da ya biyo baya, ɗan kasuwa ne ke tayar da shi, ba a sake tambayar mai kati, alhali kuwa shi yana zaton ciniki ɗaya ya yi.

Ba mu ce tsarin haramun ne ba. Ko a Turai, inda dokar tantance mai kati ta soma aiki a Satumbar 2019, tantancewar farko ta wadatar. Amma a duba Indiya. Tun daga Oktobar 2021 babban bankinsu ya wajabta a sanar da mai kati aƙalla awa 24 kafin a yanka, a kuma ba shi damar cewa a'a. In kuɗin ya wuce wani ƙayyadadden adadi, sai ya sake amincewa da kansa. Bankuna ba su durƙushe ba saboda wannan.

Babban Bankin Nijeriya ne ya kawo shirin rage riƙe tsabar kuɗi a 2012, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma ya tura har mai sayar da doya a Gwadabe cikin harkar kati. Wanda ya shigar da talaka, shi ya kamata ya tsare masa. Muna kira gare shi da ya tilasta sanarwa kafin kowane yanka, da Hausa ga mai son Hausa, da hanyar soke izini ta ƙaramar waya.

Kafin nan, jama'a, a ware asusun cefane daban, kada a ba kowace manhaja lambar katinsa. Wanda aka yanka ba bisa ƙa'ida ba ya rubuta wa bankinsa takarda, ya riƙe kwafi. In an yi biris da shi, ya kai kuka sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin.