Ƙuri'a Ba Ta Yarda a Madadin Yaro

'Yan'uwa malamai, a zangon karatun da ya gabata na tafka wani kuskure a aji biyar, kuma tun daga ranar abin yake yi mini kai-kawo a zuciya, har na ga ya dace in shimfiɗa shi a gabanku. Darasin zamantakewa ne, muna kan saye da sayarwa. Maimakon in cika allo da rubutu, sai na mayar da ajin kasuwa: ga mai akuya, ga dillali, ga masu saye, ga sarkin kasuwa a bisa kujerata. Don kada masu kaifin baki su cinye wasan su kaɗai, sai na zo da ƙwayar ludo, na kafa doka cewa duk wanda ya taya kaya zai jefa, in ya sami biyar ko shida to maganarsa ta ci. Yaron da ya fito a dillali ya taya akuya da kuɗin da ko kaza ba za su saya ba, ya kaɗa ya jefa, shida ta fito. Na juya wurin yarinyar da ke riƙe da akuyar, wadda a zahiri jakar littattafai ce aka ɗaura wa igiya, na ce, "To, ya shawo kanki, sai ki sallama." Ta dube ni, ta ƙara damƙe igiyar, ta ce, "Malam, ai ni ban yarda ba." Aji ya kwashe da dariya. Na nace, wai doka doka ce. Ta saki igiyar, ta koma mazauninta, ba ta ƙara cewa uffan ba har aka tashi.

Da na ba wani ɗan ƙanena labarin, wanda ke karatu a jami'a, sai ya yi murmushi ya ce ai wannan tsohuwar gardama ce a wurin masu wani irin wasa da ya samo asali daga Amurka. Mafi shahara a cikin irinsa shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. Mutane ne ke zama kewaye da tebur, kowa ya ɗauki mutum guda na cikin labari ya zama shi, ɗaya kuma ya zama mai jan wasa, yana faɗin abin da ke faruwa, yana kuma magana da bakin sauran mutanen labarin, kamar mai gadi ko ɗan kasuwa ko sarki. In ɗan wasa ya ce zai haura katanga, sai ya jefa ƙwaya mai fuska ashirin, lambar da ta fito ita ke nuna ya haura ko ya faɗo. Haka kuma in ya ce zai lallashi mai gadi, ko ya yaudare shi, ko ya razana shi. Har nan babu mai ja. Inda ake rabuwa shi ne idan wanda ake son lallashin ba na mai jan wasa ba ne, na wani ɗan wasa ne da ke zaune a teburin da ransa da hankalinsa. Shin ƙwaya tana da ikon ce masa an shawo kansa?

Masu tsara wasannin ba su bi hanya guda ba. Dokokin Dungeons & Dragons da aka sabunta a 2003 sun keɓe gwanintar lallashi ga mutanen da mai jan wasa ke riƙe da su. Wani wasan kuma, Apocalypse World, wanda Vincent Baker ya fitar a 2010, ya bi tsaka-tsaki: in jifar mai lallashi ta yi kyau, wanda ake lallashi zai iya samun lada in ya bi, ko ya gamu da wahala in ya ƙi, amma bi ko ƙi yana hannunsa. Ni ban taɓa zama a irin wannan tebur ba, kuma ba na jin akwai mai yinsa a layinmu na Ƙofar Guga. To amma tambayar tamu ce, domin duk malamin da ya taɓa raba wa yara matsayi a wasan kwaikwayo na aji ya ci karo da ita, ko ya lura ko bai lura ba.

Ra'ayina, bayan dogon tunani, shi ne yarinyar nan ta fi ni gaskiya. Ƙuri'a tana iya yanke abin da ba ya hannun mutum: ko an yi ruwa ranar kasuwa, ko mota ta lalace a hanyar Jibiya, ko akuya ta tsinke igiya. Waɗannan in sun faɗa wa yaro a wasa ba ya jin an ci masa fuska, yakan ma ji daɗi, domin an ba shi matsalar da zai nuna dabararsa a kanta. Amma yarda aikin zuciya ce. Ranar da na ce wa yarinyar an shawo kanta, abin da na yi shi ne na karɓe mata abu guda ɗaya da ya mayar da ita 'yar wasa, na bar ta tsaye kamar turken da aka ɗaure akuyar.

Mu duba wasanninmu na gado. In goma ga azumi ta yi, yara suka fito tashe, wannan ya zama tsoho mai gemu, wancan ya zama mai magani, kowa da yadda yake sarrafa matsayinsa, maigida kuwa in ya ga dama ya ba da sadaka, in bai ga dama ba ya ce Allah ya ba da haƙuri. A wasan kalankuwa da samarin ƙauye ke yi bayan kaka, ana naɗa sarki da alƙali da 'yan doka, a kawo ƙara, a yi shari'a, kuma daɗin abin duk yana ga yadda wanda ake tuhuma zai kare kansa da bakinsa. Da za a ce a jefa wani abu a ga ko ya amsa laifi, da 'yan kallo sun watse. Haka Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a nan Katsina, ya gina littafin farko na Magana Jari Ce a kan aku da ke tsare ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita daga gida. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne ɗan sarkin yana da ikon tashi ya tafi a kowane dare, sai dai akun ya yi aikin da zai zaunar da shi.

Addini ma ya bambance mana abubuwan nan biyu. Ƙuri'a tana da gurbinta inda haƙƙi ya zo daidai kuma babu mai fifiko. Alƙur'ani ya ambace ta a ƙissar renon Nana Maryamu da ƙissar Annabi Yunusa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ta tsakanin matansa in zai yi tafiya. Amma ciniki, kamar yadda aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta nuna, sharaɗinsa yardar juna. Ke nan a darasin saye da sayarwa na koyar da kishiyar abin da malamin Islamiyya zai koya wa yaran nan da yamma. (Ita kanta ƙwayar ludon, wani dattijo abokin aiki ya ja kunnena a kanta, ya tuna mini cewa Risala ta hana wasan nardi, kuma iyaye da yawa ba za su so su ji an kawo irinta aji ba. Na karɓi gyara, yanzu 'yan takardu nake naɗewa a zuba a hula.)

Sai dai ba zan ɓoye hujjar ɗaya ɓangaren ba, domin ita ce ta sa na kawo ƙwayar tun farko, kuma har yanzu tana da nauyi a wurina. A ajin da yara suka haura tamanin, in aka ce baki ne kaɗai zai yi aiki, to yara biyar ko shida ne za su riƙa cin kowane wasa: 'ya'yan 'yan kasuwa, da masu talla, da waɗanda Allah ya hore wa surutu. Yaro mai kunya, ko mai in'ina, ko wanda aka taso da shi a kan cewa ƙarami ba ya ɗaga murya, ba zai taɓa ɗanɗana yadda ake ji in maganar mutum ta yi tasiri ba. Ƙuri'a tana ba irin wannan yaro rana. Akwai kuma yaro mai taurin kai wanda ko me aka faɗa masa sai ya ce a'a, don kawai kada a ce an kayar da shi, shi ma yana kashe wasa. Duk wannan gaskiya ne. Abin da na gane daga baya shi ne maganin bai kai ga ƙwace yardar kowa ba. Ana iya ba mai kunya ƙarfi ta wata fuskar: in ƙuri'arsa ta yi kyau, sai a ba shi damar ƙara kuɗi, ko a ba shi shaidar da zai kira, ko a sanar da shi wani sirri game da kayan, ko a ce mai kaya zai sami maki biyu in ya sallama. Mai taurin kai kuma ya ga abin da ƙinsa ya jawo masa, kasuwa ta watse bai sayar ba. Kalmar ƙarshe dai ta fito daga bakin mai ita.

Wani zai ce duk wannan dogon bayani a kan jaka da igiya? To, mu tuna wa muke koyarwa. Yaran nan da zarar sun fita ƙofar makaranta za su haɗu da masu zaƙin baki iri-iri: babban yaro mai miƙa ƙwaya a lungu yana cewa ɗanɗana kawai, da masu jan ƙananan yara cikin ƙauraye, da ɗan siyasa mai neman 'yan jagaliya in zaɓe ya ƙarato, da mai tare yarinya a hanyar talla, da mai kiran waya yana cewa an ci kyauta a turo lambar asusu. Dukkansu sun fi yaranmu iya magana nesa ba kusa ba, kuma in ana jefa ƙwaya ne kullum shida za su samu. Garkuwar da yaro yake da ita a gabansu ita ce sanin cewa ko an fi shi baki, ko ya rasa amsar da zai bayar, yana da ikon cewa bai yarda ba ya wuce abinsa. Yarinyar nan ta zo da wannan garkuwa daga gida, ni kuma malaminta na sa aji ya yi mata dariya a kanta. Musamman ga 'ya'ya mata, waɗanda al'ada ta riga ta koya musu cewa shiru alamar yarda ce, wannan ba ƙaramin lahani ba ne.

Bayan mako biyu na sake kafa kasuwar da sabuwar doka, na kuma roƙi yarinyar ta koma kan akuyarta. Ta yi jim kafin ta tashi. Dillalin ya zaro takarda mai kyau daga hula, ya sami damar ƙara tayi har sau biyu, ya kira sarkin kasuwa ya sa baki, ya rantse cewa akuyar gurguwa ce. Ta saurare shi har ya gama, ta ce albarka. Wani yaro daga bayan aji, wanda tun farkon shekara ban taɓa jin muryarsa ba sai in ana kiran suna, ya ɗaga hannu ya taya da ƙarin naira ɗari biyu ta takarda. Ta dube shi, ta dubi dillalin, ta miƙa masa igiyar.