Allura ko Alƙalami: Zaɓin da Ke Jiran Likitan Dabbobi

Bayan shekara shida a jami'a, da shekarar hidimar ƙasa, da wasu 'yan shekaru na zirga-zirga tsakanin rugage da gonakin kaji, akwai ranar da kan zo wa likitan dabbobi a Najeriya. Ranar ce ake yi masa tayin kujera, a ma'aikatar jiha, ko a wani shirin masu ba da tallafi, ko a kamfanin magunguna. Albashi ba fashi, ba shurin saniya, ba kiran tsakar dare cewa haihuwa ta gardama. Abokan aikinsa sukan rabu biyu: wasu su ce ya huta, wasu su ce ya gudu. Dukansu sun ɗauka cewa wanda ya ajiye allura ya bar aikin likita. Tarihin cutar bushiya bai goyi bayan wannan zato ba.

Bushiya ce ta karkashe shanun Afirka a ƙarshen ƙarni na 19, kuma yaƙi da ita ne ya sa aka kafa ɗakin binciken Vom a 1924. A 1962 aka ƙaddamar da gagarumin gangamin rigakafi mai suna JP15, wanda ya soma daga ƙasashen Tafkin Chadi: Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi. An yi wa miliyoyin shanu allura, cutar ta ja da baya har aka zaci an gama da ita. Da shirin ya ƙare a 1976, sai aka yi sakaci da sa ido da kuma yi wa sababbin maruƙa rigakafi. A farkon shekarun 1980 ta dawo, ta yi wa garkunan Arewa mummunar ɓarna.

Me ya gaza? Maganin yana da inganci, masu allurar ma sun iya aikinsu. Abin da ya rushe shi ne aikin tebur: kasafin kuɗi, man motoci, sanyin da ke kare maganin daga lalacewa, da hanyar da rahoto zai bi daga ƙauye zuwa hedikwata. Likitan da ke kula da waɗannan yana jinyar garken jiha guda ne, ko da ya shekara bai taɓa saniya ba.

Sai dai labarin bai tsaya nan ba. Kafin a kai ga shelar kawar da bushiya daga doron ƙasa a 2011, cuta ta biyu da aka taɓa kawarwa bayan agana, sai da masu tsare-tsare suka koma sauraron makiyaya. A wuraren da cutar ta maƙale a gabashin Afirka, an horar da mutanen cikin al'umma su yi allura da maganin da ke jure zafi, an kuma dogara da bayanan masu shanu wajen gano inda take ɓuya. Wannan dabara ta fito ne daga likitocin da suka daɗe a daji, suka yarda cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Murar tsuntsaye ta maimaita darasin lokacin da aka tabbatar da ɓullarta a Jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006. Likitan gona ne ke fara ganin kaji na zubewa. Amma ko mai gonar zai kai rahoto, ko kuwa zai yi maza ya kwashe sauran zuwa kasuwa, wannan ya rataya ne a kan diyya: nawa za a biya, kuma yaushe. A ofis ake yanke wannan shawara, kuma jami'in da bai taɓa tsayawa gaban manomin da jarinsa ke ƙonewa ba zai yi wuya ya yanke ta daidai.

Saboda haka abin da ya fi muhimmanci a wannan zaɓi shi ne lokaci. Matashin da ya hau kujera kafin ya san bambancin sammore da ciwon hanta a jikin dabba, kafin ya koyi yadda ake samun amincewar arɗo, zai riƙa sa hannu a kan takardun da bai san nauyinsu ba. Wanda kuma ya ƙi kujerar har abada don raina ta, ya sani cewa wani ne zai zauna a kanta, kuma umarnin wancan zai bi.

Akwai laifin da ba na likitocin ba ne. A aikin gwamnati, tsanin ƙarin girma kan kai mutum ofis ne. Mafi ƙwarewa a tiyata ko haihuwar dabbobi yakan wayi gari darakta, yana fama da tarurruka, asibitin kuma ya koma hannun sababbin shiga. An yi asarar gwanin likita, ba lalle a sami gwanin shugaba ba. Yanzu da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a 2024, ya dace a tabbatar cewa likita zai iya kaiwa ƙololuwar albashi da daraja yana nan a asibitinsa, sannan a horar da masu son shugabanci a kan kasafi da dokokin lafiyar dabbobi kafin a miƙa musu ragama.

Shi kuwa likitan da tayin ke gabansa, tambaya biyu sun ishe shi. Shin ya ga isassun dabbobi marasa lafiya da zai gane rahoton ƙarya idan an ajiye masa a tebur? Kuma zai iya samun gamsuwa a aikin da nasararsa ita ce annobar da ba ta auku ba, wadda babu mai zuwa yi masa godiya a kanta? In amsar farko a'a ce, ya ƙara haƙuri a ruga. In ta biyu ce a'a, ya riƙe allurarsa, ba abin kunya ba ne.