Mutuwar da Ke Raya Mu

Dubi yatsunka. A mahaifa manne suke, sai ƙwayoyin halittar da ke tsakaninsu suka mutu bisa tsari, yatsun suka rabu. Furotin ne ke yanke hukuncin: BAX yana huda mitokondiriya, tukunyar kuzarin ƙwayar, don ƙwayar ta mutu, BCL-2 kuwa yana riƙe masa hannu. Idan mai riƙon ya rinjaya, lalatacciyar ƙwaya ta ƙi mutuwa, sankara ta samu gindin zama. Shi ya sa nake ganin ya wajaba a tallafa wa masu liƙa wa furotin alama mai ƙyalli don kallon wannan kokawa cikin ƙwaya mai rai. Fahimtar kokawar ce ta haifar da venetoclax, maganin wata sankarar jini da Amurka ta amince da shi a 2016.