Sharhi: Yadda dillalan kayan noma suka zama malaman gona a Bauchi

Daga faɗuwar damina zuwa lokacin girbi, shagunan sayar da kayan noma da ke kasuwannin birnin Bauchi, irin su Muda Lawal da Wunti, ba sa rabo da manoma. Sai dai ba saye kaɗai ke kawo su ba. Wani ya zo da ganyen masarar da tsutsa ta huda, wani da kwalbar maganin da maƙwabcinsa ya fesa bara, wani kuma yana son sanin buhun taki nawa zai ishi gonarsa. Sau da yawa, amsar mai shago ita ce kaɗai shawarar da manomin zai samu a wannan daminar.

Asali wannan aikin malaman gona ne. Tsarin bunƙasa aikin gona da aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a shekarar 1975, da tallafin Bankin Duniya, shi ne ya haifar da hukumomi irin su BSADP ta Jihar Bauchi. Bayan da kuɗin bankin ya janye, malaman gona sun yi ta raguwa a jihohi da dama, alhali manoma na ƙaruwa. Shirin GES na gwamnatin tarayya, wanda ya fara a 2012, ya ƙara wa dillalai matsayi, domin ta hannunsu manoma suka riƙa karɓar taki da iri mai rangwame a lokacin, bayan samun saƙon waya.

Ba za a raina amfanin dillali ba. Yana kusa, shagonsa a buɗe yake kullum, yana magana da harshen manomi, wani lokaci har bashi yake bayarwa zuwa kaka. Lokacin da baƙuwar tsutsar masara ta ɓulla a Najeriya a 2016, irin waɗannan shaguna na cikin wuraren da manoma suka fara garzayawa.

Matsalar ita ce mai ba da shawarar shi ne kuma mai sayarwa. Da wuya ya ce wa manomi ba ya buƙatar sayen komai, kuma da yawan dillalai daga wakilan kamfanoni suka koyi abin da suka sani. Kuskure ƙarami kan jawo asara babba. Maganin ciyawa irin glyphosate ba ya bambanta ciyawa da shuka. Wanda ya fesa shi bayan masara ta fito ya ƙone gonarsa. Takin Yuriya kuwa sinadarin naitrojin kaɗai yake ɗauke da shi, kashi 46 cikin ɗari, don haka ba ya maye gurbin NPK da shuka ke buƙata tun tana ƙarama.

Illar ba a gona take tsayawa ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a cikinsa, wanda wasu ke zubawa don kashe ƙwari a rumbu. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben wannan magani. Alhali akwai buhunan PICS da ke adana wake ba tare da magani ba, in dai an sanar da manomi.

Dokoki ma akwai su. A 2019 aka sanya hannu kan dokar kula da ingancin taki da ta Majalisar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, waɗanda suka tanadi rajistar masu wannan sana'a da hukunta masu sayar da jabu. Amma rajista na tabbatar da sahihancin kaya ne, ba ingancin shawara ba.

Tunda manomi ya riga ya mai da shago makaranta, abin da ya rage shi ne a ilimantar da malamin. BSADP da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa na da masanan da za su iya horar da dillalai kafin kowace damina, a ba waɗanda suka ci jarrabawa shaidar da za su rataya a shago, a kuma haɗa su da malaman gona don miƙa matsalolin da suka fi ƙarfinsu. Horar da dillali ɗaya na nufin isa ga duk manoman da ke tsayawa a gaban teburinsa, kuma abin da ya faɗa musu a watan Yuni shi ne za a auna a rumbu a watan Nuwamba.