HIRAR ƊAKIN KARATU: Labarin Sarauniyar Lugu

Mutane da yawa suna zaton ɗakin karatu na ƴan lokol ne da mushe kaɗai. Ba haka ba ne. Ɗakin karatu na jama'a ne duka. Manomi yana da wuri a ciki, makiyayi ma haka. Wanda ya koyi baƙi a makarantar manya, in ya daina karatu, sannu a hankali baƙaƙen za su gudu masa. Hauyar da aka aje tsatsa take yi.

A cikin ɗaki shiru ake karatu. Amma bayan la'asar ana iya shimfiɗa tabarmi a gindin bedi a yi hira. A nan babu malami, babu ɗalibi. Mutum guda ya karanta da ƙarfi, saura su saurara, kowa ya faɗi abin da ya sani. Hira takan taɓo kokowa, ta taɓo waƙoƙin Ɗan Gurmu, ta gangaro kan tarihi.

Ga labari guda da ya dace da irin wannan zama. A shekara ta 1899, sojan Faransa suka ratso ƙasar Hausa za su tabkin Cadi. Kaftin biyu ke jan su, Bule da Shanuwan. Suna ƙone garuruwa, suna kwashe hatsi da bisashe. A watan Afirilu suka iso Lugu, cikin ƙasar Dogon Dutsi. Sarauniya Mangu da mutanenta suka tare su da kibau. Bindiga ta fi baka ƙarfi, sai mutanen Lugu suka janye cikin daji, amma ba su miƙa wuya ba. Nasaru suka wuce Birnin Ƙwanni, suka kashe mutane masu yawa. A watan Yuli, a ƙasar Tasawa, sojojinsu baƙar fata suka juya musu, suka kashe Bule da Shanuwan. Kabarinsu yana Mai Jirgi.

A 1980, Abdullahi Mamani, marubuci ɗan Nijar, ya rubuta littafi da Faransanci a kan wannan Sarauniya. A 1986, Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya mai da littafin silima. An ɗauki hotonta a Burkina Faso. A 1987 ta ci babbar kyauta a bikin silima na Wagadugu.

To, nan ne amfanin hira yake. Saurayin da ya ga silima yakan ɗauka duk abin da ya gani haka ya faru. Wanda ya karanta littafi sai ya gaya masa cewa Mamani ƙagaggen labari ya gina a kan tarihi. Tsohon da ya fito Arewa kuma yana da nasa sani. Ya san tarkama, wato yadda ake ɗaukar gawar Sarauniya ta nuna wadda za ta gaje ta. Ya san Tunguma, dutsen da ake kai wa shari'a. Tsohuwar Ƙwanni ta san rijiyar da kakarta ta ce an gudu an bari. In aka haɗa bakin ukun nan, littafi da silima da tsofaffi, sai gaskiya ta fi fitowa.

Amma akwai abin tsoro. Yaƙin Lugu ya wuce shekara 120. Babu sauran wanda ya gan shi da idonsa. Tsofaffin yau a bakin kakanninsu suka ji. Duk tsohon da ya rasu ba a rubuta maganarsa ba, labarinsa ya bi shi kushewa.

Wannan aiki ne na waɗanda suka koyi rubutu. Kaye ɗaya da biro ɗaya sun isa. Mai rubutu ya sa sunan tsoho, da garinsu, da ranar hira, da wanda ya ba shi labarin. Ya rubuta yadda aka faɗa, kada ya ƙara gishiri. Mai salula yana iya ɗaukar murya, amma ya rubuta kuma, don salula tana ɓata, tana lalacewa. In an gama, a aje kayen a ɗakin karatu, cikin akwati, nesa da gara da ruwan sama.

Hira tana da ladabi. A bar kowa ya kai aya. A ba mata wuri, don su ma suna riƙe da labari. In magana biyu ta saɓa, a rubuta su duka, ban da zagin wata ƙabila. Wanda ya ari littafi ya maido shi da wuri, wani na jira.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, hira za ta nufi Damagaram, wajen Sarki Tanimun da ganuwarsa.